Abincin Kwana Biyu da Na Sa Aka Shafe

Daga admin: Wani dattijo ne ya aiko da wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga shi kamar yadda ya iso. A yi masa magana da ladabi.

Salamu alaikum mutanen wannan zaure, manya da yara, Musulmi da Kirista, ina gaishe ku da aiki da iyali. Don Allah ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe sannan ku ba ni shawara, don abin ya fi ƙarfin kaina, kan nawa kuwa dama ba wani babba ba ne. Karatuna aji biyu ne na yamma a mishan, shi ma na biyun rabinsa a bisa mangwaro na yi shi, saboda haka in kun ga rubutun yana ɗingishi ku bi shi a hankali. Sunayen da zan ambata duk na canja su.

Na haura tamanin. Ina zaune a Talaje nan Yamai, amma asalina Ba'are ne daga wajen Dogon Dutsi, tsagata tana nan a kumatu ko da yake fata ta yi yaushi ta haɗiye rabinta. Tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, na yi har gwiwa ta ƙi. Damuwata a gajarce ita ce, matasan majami'armu za su fita zango na kwana biyar, ni kuma na sa sun shafe abincin kwana biyu daga lissafinsu, bisa wani labari da na shekara sittin ina bayarwa ana tafa mini. Labarin kuwa ban taɓa ba da shi daidai ba ko sau ɗaya.

Abin ya faru ne shekara biyu ko uku bayan samun 'yancin kai, tun ba a yi gada a kan kogi ba, in za ka Harobanda sai ka shiga kwalekwale kana addu'a. Ina saurayi a lokacin, ina boyi a gidan wani Bature, ni ke zuwa masa kasuwa. Muna da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a majami'a, in kira shi Mushe Ishaku, mutumin Maraɗi, mai gajeren wando da usur a wuya. Ya ce ƙasa ta samu 'yanci, dole samari su koyi riƙe kansu, zai kai mu hayin kogi mu yi kwana biyar a daji, mu kafa bukka, mu dafa da hannunmu. Mu ashirin da ɗaya ne har da shi. Kowa ya kawo dala sittin, wanda ba shi da su aka tattara masa. Da aka zo maganar wa zai riƙe kuɗi ya yi sayayya, sai Mushe ya nuna ni, wai ni na san kasuwa, ba mai cutata. Gaskiya ne ba mai cutata, abin da bai tambaya ba shi ne ko ni ina cutar wani.

Mutumin nan ya zaunar da ni ya koya mini abin tsakani da Allah. Da ya ga rubutu yana ba ni wuya sai ya samo gwangwanaye, ya ce wannan na gero da shinkafa, wannan na mai da gishiri da kayan miya, wannan na kananzir, wannan na masu kwalekwale zuwa da dawowa, na ƙarshen kuma ya ce ba a taɓa shi sai wani ya yi ciwo ko wata tsiya ta faɗo. Ya ce in ƙirga baki, in ƙirga kwana, in ƙirga sau nawa ake ci, sannan in auna tiya. Har yau in na rufe ido ina ganin gwangwanayen nan a jere.

Ranar Asabar na shiga kasuwa da kuɗin jama'a a ɗaure a ƙugu. Na sayi gero, na sayi shinkafa, ina cikin tayin albasa sai ga wani Bazabarme da ya dawo daga Kumasi, ya shimfiɗa kaya a tabarma, a tsakiyar kayan akwai agogon hannu mai farar fuska. Jama'a, ni da ban san inda ƙarfe uku yake a fuskar agogo ba. Na ce bari in gwada kawai. Da ya zauna a hannuna sai na ji kamar an naɗa ni kwamanda. Ya ce jaka uku, na ce jaka ɗaya, muka daidaita a jaka biyu, dala ɗari huɗu. Kuɗin abincin Alhamis da Juma'a ke nan, da gwangwanin da aka ce kada a taɓa. Na koma na ce wa mutane Baturena ne ya ba ni, da yake a shekarun nan Turawa suna ta haɗa kaya suna barin tarkace, ba wanda ya yi shakka.

Muka ƙetare ranar Litinin, muka yi tafiya a ƙasa har bayan Harobanda, muka sauka ƙarƙashin wasu itatuwan gawo. Kowa sai ya ce, mai agogo, ƙarfe nawa? Ni kuma in saci kallon rana, sannan in dubi hannu in yamutsa fuska in faɗi abin da ya zo bakina. Sau ɗaya Mushe ya leƙa ya ce agogona yana gaba da awa biyu, na ce lokacin Faransa ne. Amma a cikina ba dariya, don kullum in na buɗe buhu ina ganin gindinsa yana matsowa. Na san Alhamis da rana za mu sha ruwa mu kalli juna.

Ranar Talata wata tsohuwar Bafulatana ta kawo nono. Ba ta jin Hausa sosai, ni kuma na tsinci Zabarmanci a kasuwa, da shi muka yi ciniki. Da ta ga tsagata sai ta yi dariya ta ce ashe Arawa sun iso har nan, to Allah ya tsare musu kaji. Wanda bai sani ba, mu Arawa da Fulani taubasai ne, akwai wasa tsakaninmu tun kakanni, in zage shi ya zage ni ba mai fushi, in shiga gidansa in ɗauki goro ko ƙwaryar nono ba zai hana ni ba. Muna cikin wasan ta ce mini sun samu ƙaruwa, matar ɗanta Sambo ta haihu ran Juma'ar da ta wuce can gidan iyayenta, namiji, ɗan fari, wannan Juma'ar za a yi suna, rago ma yana nan a ɗaure. Cikin murna ta faɗa mini, irin yadda ake faɗa wa na gida.

A nan ne kunyata take, kuma ba zan yi mata kwalliya ba. Ban yi tuntuɓe na faɗa cikin abin ba, zama na yi na shirya shi. Na san Bafulatani ba ya iya buɗe baki ya ambaci ɗansa na fari, ko sunansa, ko abin da ya shafe shi, balle a gaban baƙi. Na san kuma ba ya iya cewa taubashi a'a a gaban mutane. Sai na haɗa biyun.

Laraba da la'asar na ce wa Mushe ya zo mu gaida maƙwabta, na kwashi samari huɗu muka tafi rugar. Bukka uku ce kawai da garke. Tun daga nesa na ɗaga murya na ce, "Kai bawana, fito, ubangidanka ya zo duba dukiyarsa!" Sai ga Sambo, wani siririn saurayi, bai fi ni da shekara biyu ba, ya fito yana murmushi. Da ya ga fuskata ya juya ya ce da mutanen gida, "Ku kife ƙore, fara ta sauka." Na ce ya dubi ƙafafunsa da sandarsa, ban gane wanne ke riƙe da wanne ba. Ya ce shi dai bai taɓa ganin Ba'are ya ƙoshi ba, in na san wanda ya taɓa gani in kai shi ya gaishe shi. Kowa yana dariya, Mushe har da riƙe ciki. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura.

Ragon yana gefe a ɗaure shi kaɗai, fari mai baƙin kai, an zuba masa harawa. Na sha fura na goge baki, na ce, "Bawana, baƙi ashirin da ɗaya na kawo maka, da malamin lakwal a cikinsu, fura za ka sallame su da ita? Wancan ragon na mene ne? In yana da aiki ka faɗa a gaban mutane, sai mu bar maka abinka." Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma idonsa ya sauka. Ya sa gindin sandarsa yana tonon ƙasa. Uwarsa tana bakin bukka, ta dube ni, na kau da kai. Can ya ce, "Ba shi da aiki." Shi da kansa ya yanka, shi ya feɗe, har ya sa aka auna mana gero tiya huɗu a kai, wai kada Ba'are ya je gari ya ce an ba shi nama ba tuwo.

A hanyar komawa Mushe ya ja ni gefe ya ce abin ya yi yawa, in ɗebi wani abu daga gwangwanin ajiya in kai wa mutumin. Na ce, Mushe, kai Bakatsinen Maraɗi ne ba ka san wannan ba, in ka biya taubashi ka zage shi ke nan, har jikokinsa sai sun ji. Ya yarda. Gwangwanin kuwa duwatsu ne a ciki, na zuba don ya yi nauyi.

Muka ci nama Laraba, muka ci Alhamis, samari suna waƙa da sunana. Alhamis ɗin da hantsi tsohuwar ta dawo da nono. Ta sallami kowa, ta jira na rage ni kaɗai, sannan ta ce a hankali, "Ɗan Arawa, nama ya yi daɗi?" Na ce ya yi. Ta ce to madalla, Sambo ya ja karsanarsa zuwa kasuwa tun da safe, zai sayar ya sayi wani rago. Ta ce shanun da na gani a garke na mutanen birni ne, kiwo yake musu, karsanar nan ita kaɗai ce tasa, ubansa ya bar masa. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zuba mini nono a kwanona, ta ƙara ludayi ɗaya na gyara, ta ɗauki ƙwaryarta. Agogon yana hannuna a lokacin. Da na kwance shi na miƙa mata, da wataƙila an tsayar da cinikin. Hannun na tura cikin aljihu har ta ɓace.

Ran Lahadi a majami'a na miƙa canji dala goma sha biyu a gaban jama'a, ragowar kuɗin kayan miya da ban kashe ba. Pasto ya ɗaga hannuna sama, ya ce ga saurayin da ya ciyar da mutum ashirin da ɗaya kwana biyar, har da nama, ya kuma dawo da saura. Daga ranar aka liƙa mini wani suna wanda in na faɗa rabin Talaje za su gane ni. Agogon ya mutu kafin damina ta fita. Sunan bai mutu ba. A bakina kuma labarin ya yi ta ƙiba, kwana biyun da na cinye suka koma dabara, wai da gangan na sayi abincin kwana uku don na san hanya, ragon ya koma kyautar da Bafulatani ya biyo mu da ita yana roƙo mu karɓa. Mushe Ishaku ya rasu yana yabona. Bayan an yi gada na taɓa bi ta wajen da kamiyo, na tarar gidaje sun cinye wurin, na tambayi mutum biyu ko sun san wani Sambo, suka ce wane Sambo daga ciki, na ce shi ke nan na ja motata. Nema ne irin na wanda ba ya so ya samu.

To yanzu ga abin da ya taso. Mai kula da matasanmu wata ma'aikaciyar jinya ce, in kira ta Madam Rahila, mace mai tsari, ko allura za ta saya sai ta rubuta. Ita ta shirya musu zangon hutu, ba nisa saboda halin rashin tsaro da ake ciki, wani ƙauye ne a bakin kogi can gaba da Gamkalle, za su kwana a filin lakwal. Burinta yaran su koyi yin lissafin tafiya da kansu. Mako uku tana zama da su kowace Asabar, sun je kasuwa sun tambayi farashi, sun rubuta a allo, mota, shinkafa, wake, mai, gawayi, magani, da wani abu na ko-ta-kwana. Wallahi da na ga allon, gwangwanayen Mushe na gani, sai dai nasu ya fi kyau. Amma da aka raba kuɗin bisa kowane kai ya yi nauyi, iyaye suka fara gunaguni. Sai wani dattijo ya ce me ya sa ake wahala ga gwani a gida, a kira ni.

Ta zo har gida ta durƙusa ta ce, "Baba, ka zo ka ba yara hikima, kalma biyu kawai." Da na ce gwiwa, da yanzu ban rubuto muku ba. Amma ni in aka ce ga taro, gwiwar ma warkewa take. Na sa babbar riga na tafi. Yara sun cika aji, suna ɗaukata da waya, na fara labarin, na yi muryar Mushe, na yi tafiyar Sambo, wata yarinya har ta faɗo daga benci don dariya. Daɗi ya kwashe ni. Na karɓi tsumma na tafi allo na ce, wannan na Alhamis, shafe. Na Juma'a, shafe. Wannan na ko-ta-kwana, ku matsorata ne? Shafe. Na ce su sayi na kwana uku, sauran za su samu a wurin mutanen gari in sun iya gaisuwa. Madam Rahila ta ce, "Baba, zamani fa ya canja, mutanen ƙauyen su ma da ƙyar suke." Na ce, "Ɗiyata, ina yin wannan aikin ba a haifi babanki ba." Aka yi tafi. Ba ta yi musu da mai furfura a gaban yara ba. Daga baya na ji ta kai maganar gaban kwamitin iyaye, suka taru a kanta, wai ita albashi take ci shi ya sa ba ta jin nauyin kuɗi, wai ta fi Baba sani ne. An ce ta fita tana share ido.

Kuɗin ya sauko sosai, sai yara goma sha ɗaya da da ba su da hali suka rubuta suna, yanzu sun kusa arba'in. Cikinsu akwai 'ya'ya biyu na wata gwauruwa maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai. Ta aiko mini da kwanon dambu da zogale, ta zo da kanta ta ce, "Baba, albarkacinka 'ya'yana za su fita gari karo na farko." Na ci dambun. Ina faɗa muku ne don ku san irin mutumin da kuke ba shawara, na ci har na suɗe kwano.

Abin da ya tsinka ni shekaranjiya ne. Yaron da suka zaɓa ma'aji, in kira shi Dauda, shi ma jinin Arewa ne, kakansa abokina ne, ya tare ni a ƙofar gida fuskarsa tana walƙiya. Ya ce, "Kaka, na je na leƙo wurin. Akwai ruga bayan lakwal ɗin, na ga tumaki sun kai shida. Koya mini yadda ka fara yi wa mutumin magana." Har ya fito da kaye da bik, littafi da biro, zai rubuta. Na dube shi, yaro mai hankali, mai tsoron Allah, ba agogo ya saya ba, bai ci kuɗin kowa ba, shi a ransa al'ada yake koyo. Na ce masa kaina yana ciwo, ya dawo wani lokaci.

Na shiga ɗaki na faɗa wa matata komai, abin da ban yi ba cikin shekara hamsin da wani abu na aure. Da na zo wajen agogo ta yi dariya har da tari, ta ce dama ita ta san ba Baturen da zai ba ni ko igiyar takalmi. Da na zo wajen karsana ta daina. Ta ce ita ma ta ci yabo da labarin nan, a bikin mutane ana nuna ta ana cewa ga matar wane. Ta ce in tashi in je wurin Rahila yanzu. Na ce in na je kuɗin zai koma yadda yake, 'ya'yan mai ƙosai su zauna a gida, su da ba su yi laifin komai ba. Ta ce to a sayar da akuyarta da tsohon babur ɗina a cike gibin. Na ce wannan shawara ce mai kyau, sai in sayi buhun shinkafa da wake in aika a ɓoye a ce wani bawan Allah ne. Ta dube ni irin kallon da ta saba, ta ce, "Malam, ba yaran kake ceto ba, sunanka kake ceto." Muka ɗan yi sama-sama, na ce ita ba ta san abin da ake kira mutunci ba, ta ce ta sani, a ruga ta ji an bar shi. Tun jiya in ta ajiye mini abinci ba ta zama.

Kuma gaskiyarta. In na aika shinkafa a ɓoye yaran za su ƙoshi bana, su dawo suna cewa dabarar Baba ta yi aiki, abinci ya faɗo daga sama kamar yadda ya ce. Baɗi su sake shafe kwana biyu, ni kuwa wataƙila ina ƙarƙashin ƙasa, ba mai aika komai, sai wani mai tumaki shida ya biya. Rahila kuma ta zauna a matsayin wadda ba ta san aikinta ba, alhali ita ce mai gaskiya. In kuma na tsaya na faɗa, to a gaban jikokin abokaina zan ce ni ɓarawon kuɗin abinci ne, na yi wa angon ƙarni fashi da dariya, na bar Pasto ya ɗaga hannuna. Akuya da babur za su rage gibin amma ba za su rufe shi duka ba, sai an koma wa iyaye a ce su ƙaro, kuma ni ne sanadi. Ina jin tsoron idon mai ƙosai fiye da na kwamiti.

Akwai kuma abu na ƙarshe, shi ne ma ya sa na ɗauki bik. Yau da safe na ce bari in gwada faɗar gaskiyar, na zaunar da matata da wani tsohon tela maƙwabcinmu, Musulmi ne, mun shekara talatin muna shan shayi tare. Na fara da niyyar kuka. Kafin in kai ga kwalekwale bakina ya koma hanyarsa, na yi lokacin Faransa, na yi duwatsu a gwangwani, tela ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa, yana cewa wannan ya fi na da daɗi, in sake daga farko. Har wajen da Sambo ya ce ba shi da aiki, dariya yake, yana cewa kai Ba'are shaiɗani ne. Ni kaina sai da na ji daɗin yadda ya fito. Na gane in na tsaya gaban yaran nan haka za a yi, su tafa, su ɗauka a waya, in fito da sabon suna wanda ya fi tsohon, Dauda kuma ya ƙara rubutu a kayensa.

Asabar mai zuwa ce zama na ƙarshe, Litinin su tashi. Jama'a ku gaya mini, in tsaya gaban yara da iyayensu in faɗa da bakina, ko in je wurin Rahila ita kaɗai in ba ta haƙuri ta gyara allonta yadda ta ga dama? In ita kaɗai na faɗa wa, wa zai cire abin daga kan Dauda? Masu aiki da matasa, ta yaya ake mayar da kuɗin da aka riga aka rage ba tare da an zubar da yara goma sha ɗaya ba? Fulanin da ke cikin zauren nan, ku ma ku yi magana, kuma don Allah kada ku yi mini wasa wannan karon, ku faɗa mini a miƙe. In kuma shawararku ita ce in tsaya in faɗa, to ku koya wa tsoho yadda zai yi, don shekara tamanin ban taɓa buɗe baki a taro ba sai an yi dariya, wannan kuwa ina so a ji shi shiru.